Sauke Injin Kunkurun Mahaifinmu

Motar da mahaifinmu ya bari kunkuru ce, irin mai inji a baya, wadda ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa, iska ce kawai ke sanyaya ta. Ya saye ta tun yana malamin gona, ni kuwa ina firamare. Da ya rasu aka yi rabon gado, motar ta faɗo a kasona, domin ni ne na zauna a ƙauye tare da Inna, ina koyarwa a makarantar garinmu, ina kuma noma. Ƙanina da yake bi na, tun da ya samu aikin ofis ya koma birni, unguwar Rijiyar Zaki, da iyalinsa, sai sallah ko suna ke kawo shi gida.

Garinmu a ƙasar Makoda yake, inda gona take manne da gona, ba ka samun fili na banza ko na shanya dawa. Daga ƙofar gidanmu zuwa titi burtali ne mai yashi, shinge dama da hagu, in ka haɗu da amalanke sai ɗayanku ya ja da baya. A wannan hanya nake fitar da Inna sau biyu a wata zuwa asibiti, saboda hawan jini da ciwon gwiwa.

A bazarar da nake ba da labari, matata ta haihu. Ƙanina ya zo suna a motar haya, ya ce in ba shi aron kunkuru ya ɗauko dangin mai jego daga ƙauyensu. Ban so ba, amma a gaban mutane ya tambaya. Bai dawo ba sai bayan la'asar, mota cike da mata da kwanuka, tana wani ƙauri kamar an ƙona tsumma. Daga ranar na fara jin canji. In na taka totur sai inji ya yi ta kuka, mota kuwa tana jan jiki kamar ba da ita ake ba. Ga zafi. In na yi 'yar tafiya, wanda ke kujerar baya sai ya ce bayansa na gasuwa.

Ban ce masa komai ba, amma na riƙe shi a raina. Abin da ya ƙara min zargi, sau biyu a baya ya taɓa ce min, "Yaya, motar nan ta gama aikinta. A birni akwai masu neman irinta ido rufe, su wanke su ajiye don ado." Sai na ce a zuciyata, wanda yake so a sayar da abu, ai ba zai lallaɓa shi ba in ya samu sitiyari a hannu.

Wata ranar asibiti muka shiga yashin burtali, mota ta yi kuka ta yi kuka, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Inna ta fito ta zauna a gindin ɗorawa, sai da na tsayar mata da ɗan acaɓa ya mai da ita gida. Ni kuma masu kai taki gona suka taya ni turi har rumfar kwanon da nake ajiye ta.

Kwana shida bayan haka, lokacin muna hutun makaranta, ina zaune a zaure da hantsi sai na ji babur ya tsaya. Wani dattijo ne siriri mai farin gemu, ya ɗaure akwatin ƙarfe a bayan babur, da wani dogon bututu a gicciye. Ya yi sallama, muka gaisa.

Ya ce, "Nan ne gidan mai kunkuru?"

"Nan ne. Lafiya?"

"Lafiya lau. Bakanike ne ni, daga Gezawa nake. An ce kulocinta ya cinye."

"Wa ya ce?"

"Ƙaninka na birni. Ya ce in zo in gyara, ya ma riga ya sallame ni."

Na shimfiɗa masa tabarma, na sa aka kawo ruwa, na zagaya bayan gida na kira ƙanina. Na ce, "Ni na ce maka ina neman bakanike?"

Ya ce, "Ba ka ce ba, Yaya."

"To?"

"Ka bar shi ya yi aikinsa. Masu sanin irin motar nan sun ƙare, da ƙyar na samo shi. Ina cikin aiki ne, sai anjima."

Na tsaya da waya a hannu ina tunani. Daga Gezawa har nan ba ƙaramar tafiya ba ce a babur. An tsallake duk bakanikan Ɗambatta da na birni, an ɗauko wannan tsoho, an biya shi ba tare da an tambaye ni ba. Mutumin da bai taɓa saya wa motar ko litar mai ba, yau shi ne ya damu da lafiyarta.

Dattijon ya zagaya motar sau ɗaya. Ya danna fedar kuloci da hannu, ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya dangwalo wani baƙin mai da ke ɗiga ya shinshina. Ya tashi yana karkaɗe riga ya ce, "Sai an sauke inji."

Na ce, "Baba, kuloci aka ce maka. Me ya kawo zancen inji?"

"Kulocin irin wannan motar tsakanin inji da giyabos yake, Malam. Babu ƙofar shiga sai an cire inji. Kada ka ji tsoro, noti huɗu ne ke riƙe da shi."

Tsoron kuwa na ji. A garinmu akwai wata a-kori-kura da aka sauke wa inji da sunan gyara, aka ce an tafi da shi birni. Har yau tana nan a bayan gidan mai ita, kaji na ƙwai a cikinta. Na ce masa rana ta yi, a bari sai gobe da safe. Bai yi gardama ba. Aka share masa zaure, aka kai masa tuwo.

Washegari da muka dawo daga sallar asuba, shi ya tsaya lazimi a masallaci, ni kuwa na shiga gida na ɗauko jan farcen 'yata. Na buɗe bayan mota, na bi kafireta da dainamo da famfon mai da duk wani abin da na ga ana iya kwancewa, na ɗiga wa kowanne ɗigo ɗaya a inda ido ba zai kai ba. Na rufe, na mai da kwalbar inda take.

Da rana ta fito ya fara. Ya ɗaga kujerar baya ya cire kan batir. Ya zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya ɗaura mata zare mai launi dabam. Ya cire tiyon fetur ya toshe shi da fensir ɗina da ya gani a aljihuna. Ya kwance wayar totur. Na ɗauko kujera na zauna daf da shi, idona a kan hannuwansa. Duk notin da ya cire a tsohuwar tasa yake jefa shi, ni kuma ina bin ƙarar faɗuwarsa da kunne.

Ya ce a samo masa abin da za a tokare mota da shi. Inna ta ba da tsofaffin turame biyu da suka tsage. Ya sa jak a ƙarƙashin inji, ya kwance notin nan huɗu, ya rungumi salansa ya girgiza, inji ya zamo baya a hankali ya zauna a kan jak. Sai ya sauke shi ƙasa a kan wani tsohon ƙyauren ƙofa. Lokacin masu jakuna suna wucewa da mangalar taki, na kira mutum huɗu suka kama bayan mota suka ɗaga, muka tura turame, aka jawo inji waje. Na leƙa inda ya fito na ga rami, har ina hango ƙasa. Tun ina yaro ban taɓa ganin wurin nan babu komai ba.

Ya juya injin ya kwance wani murfin ƙarfe mai noti shida, yana sassauta su kaɗan kaɗan, wannan gefe da wancan. Faifan kuloci ya faɗo a hannunsa. Ya miƙo min. Ya yi baƙi ƙirin, ya jiƙe da mai, fatar jikinsa ta suɗe har ƙusoshin da ke riƙe da ita sun fito suna ƙyalli.

Na ce, "Ka ga aikin ƙanin nawa. Rana ɗaya na ba shi aro."

Ya karɓa ya juya shi. Ya ce, "Rana ɗaya ba ta yin wannan. Wa ke tuƙa ta kullum?"

"Ni."

"In ka shiga yashin nan da na biyo jiya, ina kake ajiye ƙafarka ta hagu?"

Na kalli ƙafar tawa.

Ya ce, "A kan feda, ko? Kana ɗan dannawa kana saki, don kada ta mutu. Shi ya ci rabi. Rabin kuma man nan ne, akwai zoben roba a bayan babban faifan can, ya bushe, yana tsiyayo mai a kan kuloci. Ƙaninka dai ya zo ne a kan gaɓa, ya loda mata kaya, abin da ya rage ya ƙarasa."

Ban yarda ba. Na ce a raina, ai dole ka kare wanda ya ɗauko ka.

Ya buɗe akwatinsa ya fito da wani faifan a nannaɗe cikin takardar siminti. Da ganinsa ba sabo ba ne, akwai tsatsa a tsakiyarsa. Na ce, "Wannan ai tsoho ne."

"Tsoho ne."

"Shi ƙanin nawa tsoho ya ce ka sa min?"

"Bai ce komai ba, don bai san komai a kai ba. Sababbin da ake kawowa yanzu na gwada su, ba sa shekara. Wannan ƙarfensa na asali ne, fatar kuwa ni na buga masa sabuwa da hannuna. In ba ka so, in hau babur in tafi birni in sayo maka mai kwali."

Na yi tunanin zai tafi ya bar ni da inji a ƙasa, wataƙila in ƙara ganinsa, wataƙila kuma shi ke nan. Na ce ya sa wanda ya zo da shi.

Kafin ya sa, sai da ya cire babban faifan don ya kai ga zoben. Noti ɗaya ne ke riƙe da shi, ƙato kamar dunƙulen hannu. A nan na gane amfanin dogon bututun. Ya zura shi a sifana, ya sa ni da wani maƙwabcina muka danne inji, shi kuma ya rataya a ƙarshen bututun da duk nauyinsa. Sau uku yana yi, a na huɗu notin ya yi ƙara ya saki, tsohon ya zube a ƙasa yana dariya. Ya ƙwaƙulo zoben, ya karye a hannunsa kamar busasshen ƙosai. Ya buga sabo a hankali da guntun katako.

Bayan azahar na ɗauka za a fara mayarwa, sai na ga ya koma kan injin yana kwance gwangwanayen da suka lulluɓe shi, har da babban murfin fanka.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Baba, wannan kuma fa? Ba a ce ka taɓa nan ba."

Ya ce, "Ba a ce ba. Amma in na mayar da shi haka, kafin shuka ta fito ya buga, ka ce ni ne. Zo ka gani."

Ya ɗaga murfin. Jikin injin yana da wasu haƙarƙari na ƙarfe a jere, ta tsakaninsu iska ke bi ta kwashe zafi. Ban ga tsakani ko ɗaya ba. Duk sun toshe da wani baƙin taɓo na mai da ƙasa da ƙaiƙayi. A kusurwa ɗaya ɓera ya yi sheƙa da ɓawon gyaɗa da zaren buhu. Ya zura hannu cikin fanka, ya ja, ya ja, sai ga tsumma ya fito a murɗe.

Ya warware shi ya ɗaga sama. Shuɗiyar shadda ce, da ragowar aikin wuya a gefe ɗaya. Nan take na gane ta. Guntun tsohuwar rigata ce da nake goge sandar awon mai da ita. Ta ɓace tun wajen watanni uku kafin suna, na neme ta na gaji, har na yi wa yara faɗa.

Ya ce, "Wannan ne ya shaƙe ta. Na wane ne?"

Na ce, "Ban sani ba."

Inna tana zaune a bakin zaure a kan kujerarta tun hantsi tana kallo. Ta ce, "Ai rigarka ce ta bikin ƙanwarka. Ni na yage maka ita."

Maƙwabcina ya juya baya yana tari. Tsohon ya ninke tsumman ya ajiye a gefen tasa.

Ya sa aka sayo kalanzir, ya zuba a kwano. Ya karɓi tsohuwar tsintsiya ya zare tsinkaye, ya ɗauko buroshin haƙori daga akwatinsa. Ya zauna a ƙasa ya fara bin haƙarƙarin nan ɗaya bayan ɗaya, yana tsokalo datti da tsinke, yana gogewa, yana hurawa da famfon keke. Baƙin ruwa ya riƙa gangarowa cikin daro. Ya toshe bakin kafireta da tsumma mai tsabta, sannan ya wanke bayanta, ya wanke dainamo, ya wanke famfon mai. Ina kallo ɗigon jan farcena suna tafiya tare da dattin, ɗaya bayan ɗaya.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Malam, alamar taka a kan datti ka yi ta. Ba za ta zauna ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Wace alama?"

Ya laluba akwati ya miƙo min ƙusa. Ya ce, "Ungo. Karta a jikin ƙarfen, shi ba ya wankuwa. Ba kai ne farko ba, kuma ban ga laifinka ba. Ba ka san ni ba."

Wani zai ce a nan ya kamata in ba da haƙuri in mayar masa da ƙusarsa. Ni dai karɓa na yi. Na durƙusa na karta harafin farkon sunana a jikin kafireta da dainamo, yana riƙe min su don kada su motsa.

Wajen la'asar inji ya fito fes, ƙarfen da na ɗauka baƙi ne ashe fari ne kamar sabuwar tukunya. Ƙarƙashin dainamo wasu lambobi suka bayyana a jikinsa, waɗanda ban taɓa sanin suna nan ba. Sai na ga tsohon ya goge hannu, ya ciro waya, ya ɗauki hoton lambobin. Ya ja da baya ya ɗauki hoton injin gaba ɗaya. Ya zagaya ya ɗauki motar ta gaba da ta gefe.

Na ce, "Hoton na mene ne?"

Ya ce, "Don in an buƙaci wani abu nan gaba in san irin wanda zan nemo."

"Har da gaban motar?"

Ya yi murmushi ya mai da waya aljihu. Ya ce, "Ta yi kyau ne. An daɗe ban ga mai jiki irin nata ba."

Bayan magariba na shiga wurin Inna na ce mata ban yarda da mutumin nan ba, ban kuma yarda da wanda ya turo shi ba. Ta ajiye carbinta ta ce, "Ni na sa ƙaninka ya nemo shi. Ranar da ka ɗora ni a babur da tsufana, har zanina yana kama ƙaya, ranar na kira shi. Na ce kada ya gaya maka, don na san halinka, za ka ce kai za ka gyara da kanka, mu shekara muna jira."

Na yi mata sai da safe na fito. Amma hoton nan bai bar raina ba.

Kwana na uku da safe ya ɗora faifan kuloci, ya daidaita tsakiyarsa da wani guntun ƙarfe da ya ce daga cikin mataccen giyabos ya yanko shi. Ya ɗaure murfi, ya canza boris ɗin da ke tura kuloci, ya mayar da gwangwanaye da fanka da fanbel. Aka sake kiran mutane aka ɗaga mota, aka tura inji ƙarƙashi, ya ɗaga shi da jak. Da farko ya ƙi shiga. Ya riƙa juya shi kaɗan kaɗan yana girgizawa, yana magana da shi ƙasa ƙasa, sai muka ji ya zauna. Ya mayar da wayoyi yana kwance zarensa. Ya miƙo min fensirina. Da ya gama na leƙa tasa, babu ko noti ɗaya da ya rage.

Ya ce in shiga in tayar. Bugu biyu ta kama. Ƙarar ma ta canza, ta yi laushi. Ya shiga gefena muka bi burtali. Muna isa yashi ya dafa gwiwata ta hagu ya ce, "Sauke ta ƙasa. Sa giya ta biyu ka ƙyale ta." Ta ratsa yashin nan kamar a kan kwalta. Muka je titi muka dawo, ya sa ni na taɓa bayan kujera, babu zafi.

Da zai tafi ya ce in ba shi tsohon faifan ya buga masa fata, wani zai amfana. Na ce a'a, a bar min kayana. Ya ce to. Inna ta sa aka ɗaura masa gyaɗa da kuka a bayan babur.

Mako biyu da tafiyarsa, wata baƙar mota mai duhun gilashi ta shigo burtalinmu, tana karce shinge dama da hagu. Wani Alhaji ya fito, matashi ne, da tabarau da ƙamshin turare, yana magana yana cakuɗa Turanci. Bayan gaisuwa ya ce kunkuru ya zo gani. Ya ciro waya ya nuna min. Lambobin injina ne, da rumfata, har da ƙafar kujerar da na zauna a kai.

Na ce, "Wa ya ba ka wannan?"

Ya ce, "Wani ne ya turo min. An ce injinta na asali ne, ba a taɓa canzawa ba. Malam, ka faɗi abin da kake so."

Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya yi ta magiya, ya ce zai kawo min wata ta zamani mai sanyi a ciki. Na ce ya gaida gida. Ko rumfar ban buɗe masa ba.

Kafin ƙurar motarsa ta kwanta na kira ƙanina. Abin da na faɗa masa ba zan maimaita shi duka a nan ba. Na ce ya haɗa baki da tsoho an wanke mota don a nuna wa masu saye, ya fake da Inna. Na ce tun mahaifinmu yana da rai idonsa ke kan abin da ba nasa ba. Ya ce, "Wallahi Yaya ban san wani Alhaji ba." Na kashe waya yana cikin magana.

Kwana biyu ina juya abin, na kasa cin abinci sosai. A rana ta uku na zuba mai na kama hanyar Gezawa. Ban sha wuyar samunsa ba, ina tambayar mai gyaran kunkuru aka nuna min wani fili a bayan kasuwa. Gawarwakin kunkuru uku ne a jere a ƙarƙashin darbejiya, babu tayu, akuya tana kwance a cikin ɗaya. Yana zaune a benci yana gyaran injin ban ruwa. Da ya ji ƙarar motata ya ɗago kai tun kafin in tsaya.

Muka gaisa. Na ce, "Baba, wani ya zo gidana da hoton da ka ɗauka."

Ya ce, "Mai tabarau? Ni na tura masa."

Na yi zaton zai musa, har na shirya abin da zan ce. Na ce, "Da sanin ƙanina?"

"Ƙaninka sau ɗaya na taɓa ganinsa, ranar da ya zo nan da kwatance. Bai san mai tabarau ba."

"To don me ka yi min haka? Na tambaye ka, ka ce don kayan gyara ne."

Ya ajiye sifana. Ya ce, "Wannan kam ban gaya maka duka ba, ka yafe ni. Alhajin ya daɗe yana ce min in na ga mai rai in sanar da shi. In ya saya, ni zai riƙa kira. In ka riƙe, ni za ka riƙa kira. Ka ga abin da nake yi yanzu, injin ban ruwa da janareto. Shekara arba'in ina kan kunkuru, yanzu sai in yi wata shida ban taɓa ko ɗaya ba. Na ce bari in gwada, ko kana so ka rabu da ita kana jin nauyin faɗa."

"Ai da ka tambaye ni."

"Mutumin da ya ɗiga wa kayansa jan farce, in tambaye shi ko zai sayar?"

Ban yi dariya ba, ko da yake ta zo min. Na ce ya goge hotunan. Ya miƙo min wayar ya ce in goge da kaina, shi bai iya ba, jikarsa ce ma ta taya shi tura wa Alhaji su. Na goge. Na san wanda ke wayar Alhaji yana nan, kuma ban san ko wa da wa ya tura wa ba. Kafin in tafi ya ce in buɗe baya, ya taɓa fanbel, ya saurari inji, ya ce bayan wata ɗaya in ƙara ɗaure wayar kuloci kaɗan, ya nuna min notin mai kunnuwa biyu da ake juyawa da hannu.

A hanyar dawowa hadari ya haɗu ta gabas. Ina wuce Ɗambatta ruwan farko na shekarar ya sauko. Mai share gilashi ya yi sau biyu ya tsaya, sai na gangara gefen titi na kashe mota. Na ciro waya na kira ƙanina. Ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Na sake kira, haka. A na uku ya ɗauka.

Na ce, "Daga Gezawa nake. Na ga mutumin. Ba ruwanka a ciki. Abin da na faɗa maka ban kyauta ba."

Ina jin hayaniyar ofis a bayansa. Sai ya ce, "To." Can kuma ya ce, "An yi ruwa a wajenku?"

Na ce, "Ga shi ana yi."

Ya ce, "A nan ko ɗigo." Ya ce yana da baƙi, muka yi sallama.

Bai zo gida ba duk daminar nan, sai dai ya kira Inna a wayarta. Sai da aka yi kaka, na aika masa da buhun gero da na wake a motar haya, sannan ya kira ni da kansa ya ce sun iso, yara suna gaishe ni.